Faɗin Hanya Ya Wuce Faɗin Kwaltarta

Duk wanda ya saba yin doguwar tafiya a mota da sassafe ya san abin da dare ke barin masa a kan kwalta. Za a tarar da bushiya an latse ta, ko maciji ya zama kamar tsohuwar igiya, ko mujiya a gefen titi fukafukinta ɗaya na kaɗawa duk lokacin da babbar mota ta wuce. Direba yakan ɗan karkata sitiyari idan mushen babba ne, fasinja yakan kawar da kai, kuma kafin a yi tafiyar kilomita guda kowa ya manta. Ni ma na daɗe ina cikin masu kawar da kai, ina ɗaukar abin a matsayin ƙaddarar dabbar da ta fito a lokacin da bai kamata ba. Yanzu ra'ayina ya canja. Ina ganin wannan mushen da ido ke gani shi ne mafi ƙanƙanta daga cikin ɓarnar da babbar hanya ke yi wa namun daji, kuma mafi yawan ɓarnar an riga an yanke hukuncinta tun ranar da wani ya ja layi a kan taswira, shekaru kafin katafila ta taɓa ƙasa.

Ko wannan ɓangaren da ake gani ba ƙarami ba ne. Wani rahoto da hukumar manyan hanyoyin tarayya ta Amurka ta miƙa wa majalisar dokokin ƙasar a 2008 ya ƙiyasta cewa motoci na karo da manyan dabbobi tsakanin sau miliyan 1 zuwa miliyan 2 a kowace shekara, abin da ke jawo mutuwar mutane kimanin 200, da jikkatar wasu 26,000, da asarar fiye da dala biliyan 8. A Turai, wani bincike da aka wallafa a 2020 ya kai ƙiyasin tsuntsayen da ke mutuwa a kan tituna zuwa miliyan 194 a shekara, dabbobi masu shayarwa kuma miliyan 29. Masu bincike a Brazil sun ambaci miliyan 475, galibinsu ƙananan halittu irin su kwaɗi da macizai da tsuntsaye. Waɗannan alƙaluma kuwa duk sun gaza, domin mushen kwaɗo ko na ɗan tsuntsu ba ya daɗewa a kan titi. Hankaka ko dila ko tayar mota za su share shi kafin mai ƙidaya ya iso.

Dalilin da ya sa dabbobi ke mutuwa da wannan yawa yana cikin dabarun da suka gada na tsira. Kunkuru idan ya ji haɗari sai ya shige ƙoƙonsa, bushiya ta dunƙule ta miƙe ƙayoyinta, barewa ta tsaya cak tana sauraro idan haske ya dallare ta. Duk waɗannan dabaru sun yi musu amfani a gaban kura da damisa tsawon zamani, amma a gaban tirela mai gudun kilomita 100 a awa su ne ajalinsu. Maciji yana hawa kwalta da yamma don tana riƙe ɗumin rana. Da zarar an take shi, mushensa zai jawo mai cin mushe, shi ma a take shi, wani kuma ya biyo bayansa. Kunkurun ruwa ma abin ya fi muni, saboda matan ne ke fitowa daga ruwa su tsallaka titi neman wurin yin ƙwai, har aka samu tafkuna a kusa da manyan hanyoyin Amurka inda maza suka yi wa mata rinjaye mai yawa.

Sai dai yawan mushe kaɗai ba ya faɗin nauyin asarar. Ɓera yana haihuwa sau da yawa a shekara, don haka titi ba zai ƙarar da ɓeraye ba. Dabbar da ke shekaru kafin ta balaga, ta haifi ɗa ɗaya ko biyu, ita ce kowace mutuwa ke yi wa giɓin da ba ya cikewa da wuri. Damisar jihar Florida, wadda ake ƙiyasin manyanta ba su wuce 230 ba, mota ce babbar mai kashe ta, kuma an yi shekaru da dama da aka take fiye da 20 a shekara guda. Wani nau'in kyanwar daji na Sifen da Fotugal ya ragu har zuwa 94 a 2002, aka kashe dukiya da shekaru aka farfaɗo da shi har ya haura 2,000 a 2023, amma har yau titi ne ke kan gaba wajen hallaka shi.

Ɓarna ta biyu ba ta barin jini a kan kwalta, shi ya sa ba a cika maganarta ba. Babbar hanya katanga ce. Akwai dabbobin da ba sa mutuwa a kanta saboda ba sa ma kusantar ta, kuma a wajen mai ƙidayar mushe wannan hanya lafiyayyiya ce, alhali ta raba al'umma ɗaya gida biyu. Wani masani a Jamus ya nuna a shekarun 1980 cewa wasu ƙwarin daji da ya yi wa alama da ƙyar ake samun ɗaya da ya tsallaka titi mai faɗin mita 6 kacal. Labarin da ya fi fito da wannan fili shi ne na wani zakin dutse, dangin damisa, da masu bincike suka sa wa suna P-22 a birnin Los Angeles. Ya tsallaka biyu daga cikin hanyoyin da suka fi cunkoso a Amurka, masu lamba 405 da 101, ya faɗa cikin wani wurin shaƙatawa mai suna Griffith Park, inda aka fara ganinsa a 2012. An gudu ba a tsira ba: ya shafe shekara 10 a kewaye cikin fili mai faɗin murabba'in kilomita 23 ko makamancin haka, alhali namiji irinsa na buƙatar ɗaruruwa, babu mace a kusa, babu hanyar komawa. A Disambar 2022 likitocin dabbobi suka kawo ƙarshen rayuwarsa bayan sun same shi da cututtuka da munanan raunukan da suka yi kama da bugun mota. 'Yan uwansa da suka rage a tsaunukan Santa Monica kuwa, tituna sun tsare su har barbara ta koma tsakanin dangi na jini, aka fara ganin alamun hakan a lanƙwasar wutsiyarsu da raunin maniyyinsu.

Wannan katanga ta kewaye duniya. Wasu masana da suka zana taswirar dukkan hanyoyin da aka sani, a wani aiki da ya fito a 2016, sun gano cewa tituna sun daddatsa doron ƙasa zuwa gutsattsari kusan 600,000. Fiye da rabinsu ba su kai murabba'in kilomita 1 ba, kuma kashi 7 cikin 100 ne kawai suka wuce murabba'in kilomita 100. Giwa da zaki da kerkeci ba sa iya rayuwa a cikin gutsure.

Akwai kuma abin da hanya ke watsawa zuwa hagu da dama. Gwajin da ya fi burge ni a wannan fanni an yi shi ne a jihar Idaho ta Amurka, inda masu bincike na jami'ar Boise suka shiga wani daji da babu titi ko kaɗan, wurin da tsuntsaye masu ƙaura ke yada zango, suka jera lasifika a jikin bishiyoyi tsawon rabin kilomita, suna sakin ƙarar motoci na kwana 4, su kashe na kwana 4. Babu mota, babu hayaƙi, babu fitila, ƙara ce kawai. A kwanakin da lasifikar ke aiki yawan tsuntsayen ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu, wasu nau'o'in suka ƙaurace wa wurin kusan gaba ɗaya, da yawa daga waɗanda suka zauna kuma suka kasa tara kitsen da suke buƙata don ci gaba da tafiya, saboda tsuntsun da ba ya jin motsin shaho da kunnensa dole ya riƙa ɗaga kai yana dube-dube maimakon kiwo. Ruwan sama ma yana ɗaukar nasa rabon. An shafe shekaru kifin salmon na mutuwa a rafukan yankin Seattle bayan kowane ruwa mai ƙarfi, kafin su kai ga zubar da ƙwai, sai a 2020 aka gano cewa wani sinadari da ake sa wa tayoyi don kada su tsattsage, mai suna 6PPD, shi ne ke rikiɗa ya zama guba idan ya haɗu da iska, ruwa ya wanke garin tayar zuwa rafi. Da irin waɗannan hujjoji ne Richard Forman na jami'ar Harvard ya ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙasar Amurka na ƙarƙashin tasirin tituna, duk da cewa titunan da gefensu ba su cinye fiye da kashi 1 cikin 100 ko kusa da haka ba.

Gefen hanya shi kansa fuska biyu gare shi, kuma adalci ne a faɗi duka biyun. A ƙasashen da noman zamani ya cinye kusan kowane fili, wannan siririn yankin ciyawa da garma ba ta taɓawa ya zama mafaka. Wata ƙungiyar kare tsirrai a Birtaniya ta lissafa fiye da nau'in furannin daji 700 a gefen titunan ƙasar, kusan kashi 45 cikin 100 na tsirran da suke da su, kuma ƙudan zuma da malam buɗe littafi na rayuwa a kansu. Amma mafakar da ke dab da mota tarko ce kuma. Ciyawa na tara ɓeraye, ɓeraye na jawo mujiya, ita kuwa mujiya tana farauta ne ƙasa-ƙasa, daidai tsayin gilashin babbar mota. A ƙasashe masu ƙanƙara, gishirin da ake barbaɗa wa titi don narkar da ita yana jawo manyan dabbobi masu lasa. A gandun dajin Mikumi na Tanzaniya, inda babbar hanyar Dar es Salaam zuwa Zambiya ta ratsa tsawon kilomita 50, birai sun koyi zaman jira a bakin titi saboda abin da matafiya ke jefo musu ta taga. Mai jefa wa biri ragowar guzurinsa yana ganin alheri ya yi, alhali ya koya masa ne ya riƙa zama a inda za a take shi.

Duk abin da na ambata ya shafi hanyar da ke ratsa wurin da mutane suka riga suka zauna. Inda lamarin ya fi tsanani shi ne hanya ta farko da ta shiga dajin da ba a taɓa shiga ba, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hotunan tauraron ɗan'adam na jihar Rondoniya a Brazil suna nuna abin ƙarara: babbar hanya ɗaya a tsakiya, ƙananan hanyoyi sun fita daga jikinta kamar ƙayar kifi, daji kuma ya ɓace a tsakaninsu. Bincike ya nuna cewa kusan kashi 95 cikin 100 na sarar dajin Amazon ya auku ne cikin tazarar kilomita 5.5 daga wata hanya, ko kilomita 1 daga kogin da jirgi ke bi. A yankin kogin Kwango, hanyoyin da kamfanonin katako suka buɗe su ne mafarautan hauren giwa suka bi, kuma giwayen kurmi sun ragu da kashi 62 cikin 100 tsakanin 2002 da 2011. Giwayen sun gane haka da kansu. Daga cikin guda 28 da aka ɗaura wa na'urar bin sawu, ɗaya ce kawai ta tsallaka hanyar da ba ta da masu gadi, ita ma ta tsallaka ne da gudun da ya ninka tafiyarta ta yau da kullum sau 14. Ana kuma hasashen cewa kafin 2050 za a ƙara shimfiɗa aƙalla kilomita miliyan 25 na sababbin hanyoyi a duniya, tara cikin goma a ƙasashe masu tasowa, wato inda ragowar manyan dazuzzuka suke.

A nan ne za a ce mini, kuma da gaskiyar mai faɗa, ai ƙasashen da ke yi wa wasu wa'azin kare daji sun gama shimfiɗa nasu titunan ne tukuna. Mace mai naƙuda da ke nesa da asibiti, da manomin da amfanin gonarsa ke ruɓewa don babu motar da za ta iso, ba za a ce su yi haƙuri saboda kunkuru ba. Na yarda da wannan ɗari bisa ɗari, kuma ba na ganin mai hankali zai yi gāba da hanya don kawai hanya ce. Abin da nake ja a kai shi ne yadda ake gabatar da zancen kamar zaɓi biyu ne kawai, ko a yi ko a fasa, alhali tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ta ina za a bi. Lokacin da gwamnatin Tanzaniya ta sanar a 2010 da shirin ratsa arewacin gandun dajin Serengeti da babbar hanya, daidai inda garkunan dabbobi masu kama da gwanki fiye da miliyan 1 ke wucewa kowace shekara tare da jakunan dawa, masu adawa da shirin sun kawo madadi: a zagaya ta kudu, inda ƙauyuka da gonaki suka fi yawa, inda hanyar za ta amfani mutane da dama. A 2014 kotun ƙasashen Gabashin Afirka ta hana shimfiɗa kwalta ta cikin gandun. Sau da yawa hanyar da ta fi amfanar talaka ita ce wadda ta bi ta inda mutane suke, ita kuma wadda ta kutsa cikin dajin da babu kowa, mai katako da mai haƙar ma'adinai ne suka fi cin moriyarta.

Inda kuwa hanya ta riga ta wanzu, akwai gyaran da aka gwada aka ga amfaninsa. A gandun dajin Banff na Kanada an killace kilomita 82 na babbar hanyar da ta ratsa ƙasar da shingen waya, aka gina mashigai 38 ta ƙarƙashi da gadoji 6 ta sama, aka zuba musu ƙasa aka shuka itatuwa. Karo da namun daji ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100. Abin lura a can shi ne dabbobin ba ra'ayinsu ɗaya ba: manyan beyar (wata ƙatuwar dabbar daji mai yawan gashi) da kerkeci da barewa sun fi son gada mai faɗi da sarari, zakin dutse da baƙar beyar sun fi son matsattsen rami, wasu kuma sai da suka ɗauki kusan shekara 5 kafin su amince su bi. Holan ta gina wata gada mai tsawon mita 800 kusa da Hilversum a 2006, wadda ta tsallake titi da layin dogo da filin wasanni. A Kenya an haƙa wa giwaye mashiga a ƙarƙashin hanyar Nanyuki zuwa Meru, suka fara bi wajen farkon 2011. A tsibirin Kirsimeti na Ostareliya har ƙaguwa an yi wa gada mai tsayin mita 5, ana kuma rufe wasu tituna idan miliyoyinsu suka fito za su teku.

Duk da haka ina da tsoro game da waɗannan gadoji, kuma tsoron shi ne kada su zama takardar izini. Gada mai ciyawa a kai tana kyau a hoto, minista zai ji daɗin yanke zarenta, sai a nuna ta a ce an biya wa dabbobi haƙƙinsu, daga nan kuma a ratsa duk dajin da aka ga dama. Gada ba ta rage ƙara, ba ta tace ruwan da ya wanke taya, ba ta hana mafarauci da mai injin yanka katako bin kwaltar da aka shimfiɗa masa. Shinge ba tare da isassun mashigai ba yana rage mushe amma yana ƙara tsawon katanga, shingen da ya ɓule aka bar shi kuma ya fi rashinsa haɗari, domin dabbar da ta shigo ta kafar ba ta gane hanyar fita. Ga kuma tsada idan aka yi ihu bayan hari: gadar da aka fara ginawa a 2022 a kan hanya mai lamba 101, domin dangin P-22, kuɗinta ya haura dala miliyan 90, saboda sai an tsallake layi 10 na motocin da ba sa tsayawa. Da tun ran gini aka yi zane, da ba a kai ko kusa da haka ba. Shi ya sa nake ganin ya kamata kuɗin mashigan dabbobi da na kula da su ya kasance cikin kasafin kwangilar tun farko, kamar yadda ba wanda ke ɗaukar kwalbati a matsayin kyauta da ɗan kwangila ya yi wa ruwa.

Wasu kan kafa hujja da cewa dabbobi za su saba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A jihar Nebraska, masu binciken da suka shafe shekara 30 suna bin wasu tsattsewa masu sheƙa a ƙarƙashin gadoji sun lura cewa waɗanda mota ke bugewa sun fi dogayen fukafukai, kuma a hankali fukafukan sauran sun gajarce, mutuwarsu a titi ta ragu, domin gajeren fiffike ya fi saurin tashi da juyawa. Amma tsattsewa tana haihuwa kowace shekara, ita kuwa giwa cikinta kaɗai wata 22 ne.

Mafi yawan abin da ake buƙata ma bai kai tsadar gada ba. Kwalbatin da za a gina ko yaya, idan aka ƙara masa faɗi aka bar busasshiyar gaɓa a gefensa, ya zama mashigar ƙananan dabbobi. Jinkirta yankan ciyawar gefen titi har furanni su zubar da iri ba ya cin ko sisi. A gandun damisa na Bandipur da ke kudancin Indiya, tun 2009 ake rufe babbar hanya daga ƙarfe 9 na dare zuwa 6 na safe, in ban da motocin gaggawa da 'yan motocin safa ƙalilan, saboda da dare ne dabbobi suka fi motsi. Ba zan ɓoye cewa matakin ya takura wa mutane ba, har mazauna yankin Wayanad na jihar Kerala suka yi gagarumar zanga-zanga a kansa a 2019, kuma kokensu na neman madadin hanya mai kyau abin saurare ne. Akwai kuma aikin da ya fi duka sauƙi, wanda hukumomin hanyoyi da yawa ba su damu da shi ba: ma'aikatan da ke janye mushe daga titi su riƙa rubuta irin dabbar da ranar da lambar kilomitar da aka same ta. Mushe ba ya warwatsuwa daidai a tsawon hanya. Yana taruwa ne a wurare ƙalilan, inda rafi ya gitta, ko inda daji ya matso daga ɓangarorin biyu, ko a kwanar da fitila ba ta haska gaba. Rubutun shekara biyu ko uku ya isa ya nuna wa injiniya inda zai kafa shinge, da inda zai faɗaɗa kwalbati, da inda zai sa tudun rage gudu.